Robar da Baba ya huda

Yayata ce ɗiyar fari a gidanmu na Konni, saboda haka ban taɓa jin sunanta a bakin Baba ba. In yana da magana da ita, ni yake kira, ko da tana zaune tare da mu a tabarma ɗaya, ya ce in faɗa wa "waccan". Tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, nake wannan aiki, har na shiga lise, babbar sakandare, ina ɗaukar magana daga wannan gefen tsakar gida zuwa wancan.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ta zo hutun damina daga Faransa. Ta gama digirinta na biyu, malamanta sun ba ta wuri ta ci gaba da bincike har ta zama dokta, sai dai Baba bai yarda ta koma ba. Wani amininsa ya samo mata aiki a ɗakin gwaji na masana'antar siminti a Malbaza, inda za ta riƙa zuwa gida kowace Jumma'a. Kuma akwai abin da ke cin ransa. Baba mai kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, rabin rayuwarsa a tasha yake, kuma direbobi sun ji cewa yumɓu Yaya take karantawa. Kullum sai wani ya tambaye shi ko tukwanen Faransa sun iso, ko a ajiye masa randa ɗaya.

Ni kam ina son jin ta tana bayanin aikinta. Ta ce ƙwayar yumɓu shafi-shafi take, kamar littafin da ruwa ya manne, kowane shafi kuma siririn da ido ba ya gani, ko gashin kai katako ne a kusa da shi. Aikinta shi ne ta raba shafukan nan, ta watsa su cikin narkakkiyar roba, kaɗan kawai kamar gishiri a miya, sai robar ta ƙara ƙarfi, ta daina jin tsoron zafi. Sunan abin nanokompozit. Na daɗe ina juya kalmar a bakina. Daga ranar, in mun bi ta fadamar Tsarnawa na ga laka ta tsage, sai in ga kamar littattafai ne a zube ba wanda ya buɗe.

Ta zo da falle biyu na roba a cikin ƴar akwati mai auduga, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ɗaya roba ce zalla, ɗayan kuma da yumɓu a ciki, shi ne na farko da ya yi mata kyau bayan watanni tana ɓatawa, kuma akwai sauran awo da za ta yi masa in ta koma. Ko ni ba ta bari in taɓa sai ta gefe. Wata safiya ta ce in kai wa Baba ya gani, in kuma faɗa masa irin wannan ake fara sawa a injin mota. Ya juya su, ya ɗaga su a rana, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya ce in bar su nan.

Ba mu yi tunanin komai ba, alhali mun san halinsa. Baba ba ya yarda da kayan gyara don an yaba masa su. Duk abin da ya sayo daga ƙetaren iyaka, sai ya sa shi a mota ya kai shi Tawa ya dawo kafin ya ce mai kyau ne. Washegari da muka nemi akwatin, sai muka tarar da auduga kawai. Inna ta ce ta ga ya sa ƙusa a garwashi, ya huda su duka biyu, ya zura waya, ya fita da su. Motar kuwa ta riga ta kama hanya da lodin albasa.

Yaya ta shiga ɗaki ta kwanta, ta juya fuskarta ga bango. Na zauna kusa da ita ina yi mata fifita. Can ta ce da ma tambayarta ya yi, da ta gaya masa abin ba na hudawa ba ne, amma ta yaya zai tambaye ta, mutumin da ko sunanta ba ya iya faɗa. Ta yi ƴar dariya, hawaye na zuba. Inna ta aiko da fura, ita ma ba ta shigo ba, don ita ma kunyar ɗiyar fari take. A kwanakin nan Yaya ta fara fitar da zannuwanta daga akwatin tafiya tana jerawa, ta ce tunda Malbaza ce, ba sai da rigunan sanyi ba.

Ranar da Baba ya dawo da la'asar, ya yi alwala, ya zauna a ƙarƙashin dogon yaro, sannan ya kira ni. Ya ciro su daga aljihu ya ajiye a tabarma. Duk sun yi baƙi da mai. Robar zalla ta lanƙwashe kamar busasshen ganyen kuka, wayar ta nutse a cikinta. Ɗayan kuwa yana nan miƙe yadda ya tafi, ban da hujin ƙusa. Ya ce a jikin inji ya ɗaure su, wurin da ko hannu ba ya iya tsayawa, kuma a kowane zango sai ya buɗe ya duba.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Bai dube ta ba.

"Tambayi waccan, laka ta ina ce cikin wanga abu?"

Kafin in juya ta amsa, a hankali, cewa ta can Faransa ce, saye ake yi a kwalba.

Baba ya ɗauki miƙaƙƙen fallen ya juya shi. "Mu tamu mi ta yi? Ce mata gobe in Allah ya kai mu za ni Tsarnawa. In tana so, ta ɗauko buhu."

Da safe muka shiga gaban kamiyo mu uku, ni a tsakiya. A fadama Baba ya naɗe wando ya shiga laka da babbar rigarsa a kafaɗa, yana haƙa inda ta nuna, manoma suna tsayawa da garma suna kallon Alhaji. Ita tana ƙulla kowace laka a leda daban, tana rubuta wurin a jiki. A hanyar dawowa ya ce in faɗa mata ta mayar da rigunan sanyinta cikin akwati, shi zai je Malbaza ya ba amininsa haƙuri.

Fallen nan mai yumɓu bai ƙara amfanuwa a ɗakin gwaji ba. Sai da ta sake yin watanni kafin ta samu kamarsa, kuma daga baya wani babi na kundin doktanta a kan yumɓun fadamarmu ta yi shi. Baba bai taɓa sanin ya ɓata mata aiki ba, ta hana mu faɗa.

Shi kuwa ya wanke fallen da kananzir, ya rataye shi a madubin motarsa da wannan wayar. Na taɓa kai masa abinci tasha, na tarar wani direba yana tambayar ko laya ce. Baba ya ciro shi ya miƙa masa, ya ce ya gwada lanƙwasawa. Mutumin ya yi ta fama. Baba ya karɓe abinsa ya goge da bakin riga.

"Tukunyar Faransa ce," in ji shi. "Wata yarinya ta gidanmu ta gina ta."