Yashin Takalmin Sibonelo

Shekara ashirin da shida Thokozile Mkhabela ta yi tana tsintar yashi a wata jami'a a Jozi, birnin zinariya na kudancin Afirka. Aikin ke nan, kar a yi dariya. A kawo yashin kogi, ta duƙa kan madubin ƙara girma, ta sa allura tana ware ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ce ke ƙona kowace ƙwaya ta faɗi shekarunta, daga nan masana su gane dutsen da ya haife ta da kogin da ya jawo ta. Su ke samun suna, ita ciwon wuya.

Ɗanta ɗaya, Sibonelo, ya bi masu haƙar zinariya a ɓoye. Wata takwas babu labari, sai wata safiya ta tarar da takalmansa a ƙofar gida, cike da yashi. Ta san ya mutu, don haka masu haƙar ke aiko da saƙon mutuwa. Abin da ya hana ta sakat shi ne rashin sanin wurin, domin a al'adarsu sai an je inda mutum ya faɗi da reshen magaryar kura, a kira ruhinsa a kai shi gida. In ba haka ba, yana can har abada.

Ta tsince ƙwaya ɗari daga takalmin ta miƙa wa Dakta Maluleke, mai kula da na'urar.

"Mama Thoko, daga wane kogi kika sato wannan?" ya ce yana dariya.

"Kai dai ƙona su, ɗana. Surutun nan ne ya hana ka aure."

Da sakamako ya fito, dariyar ta ɗauke.

"Mama, kogin nan ya ƙafe kusan shekara biliyan uku da suka wuce. Yana ƙarƙashinmu, zurfin kilomita biyu. Cikinsa zinariyar take."

"To ina bakinsa?"

"Ba shi da baki. Tsofaffin ramukan haƙa ne ke kaiwa gare shi, sun kuwa fi a ƙirga."

Sai ta shiga bin su kowace Asabar, da reshenta a hannu. Ta durƙusa, ta kira, ta saurara, ta tashi. Tsoro take ji ƙwarai, amma tsoron barinsa ya fi.

Rami na bakwai an toshe shi da kankare, ciyawa har ta rufe. Rana tsaka ce, ko tsuntsu babu. Wata iska mai ɗumi na fitowa ta wata 'yar tsaga da ko yatsa ba zai shiga ba. Ta kai bakinta wurin.

"Sibonelo, uwarka ce. Tashi mu tafi gida."

Ta kasa kunne. Har ta dafa gwiwa za ta miƙe, sai wata murya ta taso daga ƙasa, a hankali, cikin ladabi.

"Wane Sibonelon, Mama? Mu huɗu ne a nan."