Zuwa Doguwa da Rim a Wuya

Muna sallame sallar asuba muka bar Ƙofa, ni da ƙanena, ko koko ba mu tsaya sha ba. Doguwa muka nufa, wurin mahaifinmu. Ya daɗe a can yana gyaran keke a bakin kasuwa, kuma shi ya koya mini sana'ar da nake ci da ita yau. Tun bara direbobin da ke ɗauko masara suke kawo mana labari cewa idon tsoho ya yi yana, aikinsa ya fara lalacewa, har samari sun soma yi masa dariya a bayan ido. Muka aika ya dawo gida ya huta, ya ce a gaida yara. Muka sake aikawa, ya ce shi yana gani sarai. Wannan karon dangi suka ce mu je da ƙafarmu, kada mu kuskura mu dawo ba shi.

Ƙanena tela ne, sai ya ɗinka masa riga. Ni na rasa tsarabar da ake kai wa mai gyaran keke, na ɗauki sabon rim, zagayen ƙarfen da ake saka wa tayar keke, daga rumfata na rataya a wuya. Na yi da-na-sanin wannan dabara tun kafin mu kai Ƙafin Maiyaki.

A tashar Ƙafin Maiyaki muka ga abin da wahalar mai ta yi wa mutane. Motoci jere, babu mai motsi, 'yan bumburutu ne kawai ke fara'a da galan-galan ɗinsu. Kuɗin mota ya ninka, ƙosai kuwa ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an saka masa wani abu. Sai da rana ta ɗaga muka samu wata akori-kura mai zuwa Tudun Wada. Kwandasta ya ce rim kaya ne, dole in biya masa wuri. Na ce a wuyana yake, in yana karɓar kuɗin sarƙa ya fara da matan da ke ciki. Ya ƙyale ni, amma wata tsohuwa ta ga wurin rataya ya samu, ta ɗaura ƙullin daddawarta a jiki, haka na sha ƙamshi har muka sauka.

Damina tana ƙarewa, hanya duk ramuka cike da ruwa, dawa ta fitar da kai hagu da dama. Ba mu yi nisa ba motar ta yi tari ta mutu. Mai ya ƙare. Direba ya ɗauki galan ya kama hanya a ƙafa, mu kuma muka baje ƙarƙashin ɗorawa muna cin dafaffiyar gyaɗa, ƙanena yana ta mita cewa da ya sani da ya zauna ya ƙarasa ɗinkin mutane. Sai bayan la'asar muka tashi. Da muka isa Tudun Wada babu direban da ya yarda ya shiga dajin Falgore da yamma, don haka muka ci shinkafa da wake da mai da yaji, muka kwana a masallacin tasha. Shinkafar garin tana da daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Sauronsu ma ƙosassu ne.

Washegari muka hau bayan wata babbar mota da za ta je lodin masara. Daji ya yi shar, ga sanyi, ga birai zaune a bakin titi suna kallonmu ba kunya ba tsoro. A wani lokacin da na ji daɗin kallo, amma ƙarfen nan ya riga ya goge mini fatar wuya, ƙashin bayana yana ciwo, kuma tun daga Tudun Wada nake juya maganar da zan gaya wa Baba ban samu mai kyau ko ɗaya ba.

Da hantsi muka sauka Doguwa. Daga nesa na hango shi a rumfarsa, ya kifa keke, ya sunkuya a kan wilin baya. Ya rame. Muka durƙusa muka gaishe shi, sai da ya ji muryarmu ya gane mu, alhali muna gabansa.

A gefensa wani Bafulatani ne tsugune da sandarsa. Keken nasa ne, rugarsu tana can bayan duwatsu, kuma tun jiya yake jira. A kan benci ga mutane suna hira, amma idonsu yana kan wilin. Baba ya juya shi, wili ya riƙa rawa yana dukan birki. Ya ɗaure waya nan, ya sassauta can, ya sake juyawa, rawar ta koma wani gefen.

Kallo ɗaya na yi na ga matsalar. Ɗaurin wili tsari ne: waya ɗaya daga hagun hob, wato cibiyar wilin, ɗaya daga dama, kowace da raminta a jikin rim. Baba ya tsallake rami tun a zagayen farko, shi ya sa wasu wayoyin suka yi tsawo, wasu suka gaza. Irin wannan ko kwana za a yi ana ɗaurewa ba zai miƙe ba, sai an kwance duka an sake. Amma a wurinmu ɗa ba ya kwance aikin ubansa a gaban mutane, balle uban da ya koya masa riƙe sifana. In na yi shiru, Bafulatani zai tafi da wilin da zai karye masa a kan dutse. In na yi magana, na tabbatar wa 'yan benci abin da suka zauna jira.

Na cire rim daga wuyana na ce, "Baba, wannan rim ɗin nasa ya tsufa, ba zai karɓi saiti ba. Ga sabo na kawo maka. In ka yarda in ɗaura, kai kana duba mini."

Ya miƙo mini sifanan ba tare da ya dube ni ba.

Na zauna a ƙasa na kwance wayoyin duka, na miƙe waɗanda suka lanƙwashe, na shafa musu ɗan baƙin mai a baki. Na zura su a hob, na bi ramukan sabon rim a hankali, kowace na ba ta juyi daidai da 'yar'uwarta. Na mayar da wilin kan keke, na riƙe alli kusa da rim ina juyawa. Inda alli ya taɓa nan ya karkato, sai in sassauta wayar wannan gefen kaɗan in ja ta ɗaya gefen. Baba ya matso ya riƙa kaɗa wayoyin da farce yana saurare. "Wannan ta yi sako-sako," in ji shi. "Wannan ka matse ta da yawa, kai kullum da gaggawa." Ko sau ɗaya kunnensa bai yi kuskure ba. Da ya ce ya isa, na cire wilin na kwantar a ƙasa, na danna da tafin hannu gefe-gefe har wayoyin suka yi ƙas-ƙas suka zauna, na sake saitawa. Kafin azahar wili yana juyawa shiru, alli bai samu inda zai taɓa ba.

Ina saka taya Baba ya jawo tsohon rim ɗin yana shafa shi da yatsa. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Wannan lafiyarsa lau. Rami na tsallake, ko?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Ɗaya ne kawai, Baba."

Bafulatani ya hau keke ya zagaya ya dawo yana murmushi, ya ce, "Kai, Baba, hannunka yana nan!"

Baba ya ɗaga murya yadda 'yan benci za su ji. "Ba hannuna ba ne, na ɗana ne. Daga yau wurinsa za ku riƙa kai wa. Sai dai Ƙofa da nisa."

Shi ke nan. Duk lallashin da muka shirya babu wanda muka buɗe baki muka faɗa. Da yamma ya bar wa maƙwabcinsa mai faci rumfar, ya ɗaure kayan aikinsa a buhu. Da safe muka kamo hanya, muka sa shi a gaba kusa da direba. Daga Doguwa har Ƙafin Maiyaki in ban da salla babu abin da ya tambaya.

Mun iso Ƙofa bayan la'asar, ƙafafuna a kumbure. Gida ya cika da murna, dangi suna ta sa mana albarka wai mun yi ƙoƙari. Ni ban ji na yi wani abin kirki ba, baƙin ciki na ji, kuma har yau bai sake ni ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mu da muke cewa tsoho ya dawo ya huta, hankalinmu muke nema wa kwanciya. Shi bai taɓa ce mana ya gaji ba. Yanzu yana zaure, an shimfiɗa masa buzu, abinci yana zuwa kan lokaci. Duk keken da ya wuce ƙofar gida sai ya juya kai ya bi ƙararsa har ta ɓace.