Kakan Cikin Waya

A tashar tasi ta bakin filin jirgi, sunan da ake kiran kawuna shi ne Awa-Biyu. Tun yana saurayi yake jigilar masu tafiya ta sama, ya san lokacin tashin kowane jirgi da na saukarsa, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka matakalar ko ɗaya ba. Tsoro yake ji. In ka faɗi haka a gabansa kuwa sai ku yi mako ba ya amsa gaisuwarka.

Sunan ya samo asali ne bayan 'yarsa tilo ta yi aure a wata ƙasa, ta haifi ɗa namiji. Mahaifin mijin nata, wani tsohon tela, a can ƙasar yake, sai dai garinsa wuni guda ne a mota zuwa inda suke. Duk ƙarshen wata zai ɗauko jakarsa ya je ganin jika. Wannan zuwan ne ya tsaya wa kawu a maƙogwaro. Bai taɓa zama da mutumin ba in ban da ranar biki, amma ya tsani hularsa, ya tsani dariyarsa, har rigunan da yake ɗinka wa yaron cewa yake wuyansu a karkace yake.

Da kishin ya ishe shi sai ya samo lissafin da zai kwantar masa da rai. Daga garinmu zuwa can, awa biyu ne a jirgi. Tela kuwa sai ya wuni yana shan ƙura a hanya. Ashe ke nan shi ne kakan da ya fi kusa. Duk fasinjan da ya shiga motarsa sai ya sha wannan bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. 'Yar tasa ta sha cewa za ta aiko masa da tikiti, yana cewa ina amfanin gaggawa, ai nan da can ne.

Wata ranar hutu ina gidansa ta kira ta bidiyo. Ya gyara zaman hula, ya sa na riƙe masa wayar daidai fuskarsa. Hoto na buɗewa sai ga yaron zaune daram a cinyar tela, yana wasa da gemunsa.

"Gaishe da Kaka," in ji uwar.

Yaron ya waiwaya, ya shafa fuskar tela.

"A'a, ba wannan ba. Na cikin waya."

Yaron ya leƙa bayan wayar, bai ga kowa ba, ya koma ya lafe a ƙirjin tela. Shi kuwa tela, bawan Allah, da zuciya ɗaya ya kama hannun yaron yana ɗaga wa kawu. Wannan kirkin ya fi komai ƙona masa rai. Ni kaina sai da na ji tausayinsa.

Washegari a tasha wani direba ya tsokane shi kamar kullum, wai nawa ne ma nisan garin jikan nan.

"Da nisa," kawu ya ce, bai ko ɗago ba.

Da yamma na tarar da shi durƙushe a gefen motarsa yana danna tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da ya gan ni sai ya tambaya a hankali:

"Kai da ka iya duba waya, wai garin nan nasu ba ya da hanyar mota ne?"