Hoton kogon da na kife

Ina sallame la'asar a falonmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai sai ga Anti, 'yar Indiyar da muke haya tare, tsaye kan hotonta da na kife don in yi salla. In maigida ya fita aiki, ita kaɗai nake da ita a garin nan.

"Anti, yi haƙuri."

Ta yi dariya. "Habibti, zanen Buddha ne a bangon kogo a ƙasarmu. Shuɗin fentin nan da aka yi zanen da shi ma, fatake suka kawo tun daga Afganistan. Komawa ɗakina ne zai gagare shi?"

Ta ɗauke shi, ta bar min wurin.

Duk karance-karancen littattafaina ban taɓa cin karo da irinta ba. Alhamdulillah. Ku fa, wa ya taɓa yi muku kara haka a baƙon wuri?