Aninin Baffa na Uku

Jiya ina goge tukunya da toka da lemun tsami, ƙanshin ya dawo min da Baffa, wan mahaifina. Da su yake goge aninan kafaɗarsa duk ƙarshen wata, a zaurenmu na unguwar Dawaki, har sai sun ɗauki ido.

A fagen yaƙin basasa kwamandansu ya maƙala masa anini na uku, ya ce daga yau shi kyaftin ne. Kwamandan ya mutu bai sa hannu ba. Har Baffa ya bar soja albashin mai anini biyu ake ba shi.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Gombe ta cika da sababbin babura, sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna neman cikon haƙƙinsa. Ya dawo da tari da kumburarrun ƙafafu. Na kai masa kunu, na ce, "Baffa, ka haƙura mana. Ai ba mu rasa abinci ba."

Ya daɗe yana juya ludayi bai sha ba. Ya ce, "Ɗiyata, sun ce in kawo shaida. Shaiduna duk ni na binne su."

Da wata ya ƙare, ya sake neman lemun tsami.

Aninan suna cikin akwatina, sun yi baƙi. Na ukun ya fi sauran sirancewa saboda guga. Allah ya jiƙan Baffa, ya biya shi cikakke a inda ba a tambayar sa hannun kowa.