Shalan a Kan Keken Baƙi

Shalan Dhikle ta girme ni, amma na riga ta zuwa ƙauyen. Ni aka fara kawowa aure, ita kuma aka kawo ta bayan girbi, gidan da ke jikin namu. Tun daga lokacin nake ce mata Tai, yadda ake kiran yaya, ita kuma take ce mini Anu, duk da sunana Anusaya ne kuma ba na son a gutsure mini shi.

Mijinta Popat yana da 'yar gonar albasa a gangaren da ke kallon tafkin Gangapur. Mutum ne shiru-shiru, ba ya sha, ba ya duka, wanda a zamaninmu hakan ya isa a ce mace ta yi dace. Ciwon ƙoda ya kama shi lokacin da ɗansu Mangesh yake firamare. Gonar ta ƙare a asibitocin Nashik, shi ma bai daɗe ba ya tafi. Abin da ya bar wa Shalan ɗaki ɗaya ne, da yaro, da wani baƙin keke mai nauyin tsiya.

A kan keken nan ta koyi tuƙi tana uwar ɗa. Da sassafe take fitowa kafin maza su hallara su yi dariya, ta tattare sarinta, dogon zanen da muke naɗawa, ta soke a ƙugu, ta faɗi ta tashi, har ta iya. Ruwa, ciyawa, buhun dawa, duk a kansa take ɗaukowa. Da yake kullum a dama take rataya kaya, sai jikinta ya saba karkata hagu. Ko ba kaya haka take tuƙi, kamar mai leƙen wani abu a ƙasa.

A shekarun nan ne masu kuɗi suka fara sayen gangaren suna dasa inabin giya, muka shiga aikin tare. Bayan damina a yi wa rassa aski, a bi su da wani magani da ke rina hannu ja yana tsattsaga fata. Idan sanyi ya fara ja baya a shiga tsinka, tun da asuba, kafin rana ta ɗumama 'ya'yan. Da tsakar rana mu zauna a inuwa mu ci gurasar dawa da albasa da dakakken barkono. A nan bakin Shalan ke buɗewa. Asabar da Lahadi baƙi kan zo daga Mumbai da Pune, da gajerun wanduna da hulunan kwano, su hau kekunan haya su bi hanyar bakin tafki daga wannan gidan giya zuwa wancan. Ba wanda zai wuce bai sha suna a wurinta ba.

"Anu, dubi wancan mai tumbin," za ta ce. "Kuɗi ya biya don ya yi gumi. Ya zo mana, ga gumi nan kyauta, har da kwando."

Mangesh ya yi karatu, ya sami aiki a Pune, ya auri wata abokiyar aikinsa mai suna Ketaki. Uwar yarinyar, Sulabha, tsohuwar shugabar makaranta ce, ita ma mijinta ya rasu. A can aka yi bikin. Da Shalan ta dawo ta ce mini daga farko har ƙarshe hannuwanta na ƙarƙashin gefen sari, ko abinci ba ta ci na kirki ba. Ta kuma ji Mangesh yana ce wa wani baƙo, "Mahaifiyata harkar inabi take yi." Daga wannan maganar ta ɗauka ya gaya wa surukansa gona gare su. Ba ta tambaye shi ba, ta dai riƙe abin a ranta, ta ce idan yaron ya rufa wa kansa asiri ba ita za ta tona ba.

Da tsinkar shekarar ta kankama sai ya yi mata waya, ya ce za su zo hutun ƙarshen mako shi da matarsa da surukarsa, sun kama ɗakuna a masaukin baƙi, har da ita. Masaukin kuwa na gonar da muke yi wa aiki ne. Ta ce ba za ta ba, ya nace. Ni dai abin da ta faɗa mini shi ne za ta je wajen Mangesh, ban tambayi ina ba.

Ranar Asabar da hantsi muna layin da ke bakin hanya, ni da wasu mata, sai ga ayarin kekuna. Tun daga nesa na ga ɗaya ya karkata hagu. Shalan ce, an sa mata wando da doguwar rigar Ketaki, da baƙin tabarau, da safar hannu, da hular kwano, amma ko a buhu aka saka ta zan gane wannan zaman. Da suka iso daidai mu sai wata dattijuwa mai furfura ta taka birki, ta sauka, ta haɗa tafukan hannu ta gaishe mu. Dole sauran suka tsaya.

Na miƙe da almakashi a hannu ina dariya.

"Tai, wa ya kife miki tukunya a ka?"

Dattijuwar, wato Sulabha, ta yi murmushi ta juya wajenta.

"Shalan-tai, kin san ta ke nan?"

Shalan ba ta sauka daga keken ba, ƙafa ɗaya ta sa a ƙasa. Ta kalli wani wuri a saman kaina.

"Na san ta," ta ce. "Ta taɓa yi mana aiki a gona."

Matan da ke bayana suka daina tsinka. Mangesh, yaron da na goya lokacin da uwarsa ke jinyar ubansa, ya sunkuyar da kai yana duba sarƙar kekensa. Murmushin Sulabha ya ɗan tsaya a fuskarta. Ni kuwa ji na yi kunnuwana sun yi zafi.

"Haka ne, ranki ya daɗe," na ce. "Ubangiji ya ƙara arziki."

Na durƙusa na ci gaba da aikina. Shalan ce ta fara taka keke, ta wuce gaba da sauri har sauran suka sha wahalar cim mata.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi daga baya. Sun zaga bakin tafki, suka ƙare a baranda ta saman gidan giyar, inda ake ɗanɗanawa. Aka jera musu kofunan gilashi masu dogon wuya. Ma'aikaciyar wurin, sabuwa ce daga birni, ta nuna musu yadda ake juya kofin, a shinshina, a kurɓa, a tofar a wani ɗan bokitin ƙarfe. Shalan ba ta taɓa kai giya bakinta ba. Ta ji kunyar ta ce ba ta sha, kada a ga ƙauyancinta, ta kuma ji kunyar ta tofar da abu a gaban surukar ɗanta. Sai ta riƙa haɗiyewa. Fara, da mai ruwan hoda, da ja, duk ta haɗiye. Ta ce ɗanɗanon kamar jiƙon tsamiyar da ya kwana. Daga inda take zaune tana hango mu can ƙasa muna loda kwanduna a tarakta.

Sulabha ta yi ta jan ta da hira a hankali. Yaushe ake askin rassa? Maganin nan ba ya cin hannu?

"Ma'aikata ne ke yi," in ji Shalan. "Mu dai dubawa muke."

Can Sulabha ta tashi ta ce za ta wanke hannu. Ketaki ta jawo kujerarta kusa, ta kira ta Aai, wato uwa, yadda Mangesh ke kiranta.

"Aai, zan faɗa miki wata magana, don Allah kada ranki ya ɓaci. Mamata ta san aikin da kike yi. Tun kafin a fara maganar aure Mangesh ya gaya mana komai, har labarin keken babansa. Ita ce ma ta zaɓi wurin nan. Cewa ta yi tana so ta ga inda kika sha wahalar karatunsa, ta gaisa da abokan aikinki. Har tsarabar alewa ta kawo musu, tana cikin mota."

Shalan ta ce sai ta ji barandar ta karkata, ba ta san ko giyar ce ko maganar ba. Ta juya wajen ɗanta.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Aai, me zan faɗa miki? Ban san akwai abin ɓoyewa ba."

Ba ta jira Sulabha ta dawo ba. Ta ce kanta na ciwo, ta sauka, ta bi ta bayan rumbunan ajiya inda baƙi ba sa bi, ta tako har gida a ƙasa cikin kayan aro, da tsakar rana. Ta kulle ƙofa. Mangesh ya zo ya yi ta bugu, ta ce ya koma wajen baƙinsa.

Washegari shi ya kawo mana kwalayen alewar a gona. Ya sunkuya ya taɓa ƙafata, yadda ake yi wa manya.

"Maushi, ki yi haƙuri," ya ce, don haka yake kirana, wato inna.

Na ce ya tashi, ba shi ya yi mini ba. Matan suka cinye alewar tas, suna ci suna maimaita maganar da muryar Shalan. Kafin yamma sun raɗa mata suna Mai Gona.

Ranar Litinin ba ta zo aiki ba. Ta je ta nemi tsinka a wata gona can hayin tafki, inda ba wanda ya san ta. Takan fita tun duhu bai gama washewa ba, ta bi ta bayan gari, ta dawo bayan kowa ya shiga gida. A famfo ma ta sake lokacin ɗiban ruwa. Ina jin tarinta, ina jin ƙarar tukwanenta, amma ban sa ta a ido ba har aka gama girbi. Ni ma ban neme ta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma duk wanda ya tambaye ni na ba shi labarin yadda ya faru, ban rage ba.

Bayan an tashi daga tsinka zafi ya shigo, aiki ya yi sauƙi, sai zaman gidan ya fara damuna. Wata ranar kasuwa na lura ba ta fita ba, jiya ma haka. Na shiga. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince dawa a faranti, ta rame, wuyanta ya fito. Ta ɗago ta gan ni, ta mayar da kai.

"Gishiri na zo ara," na ce.

"Yana inda kika sani."

Na ɗebo, na dawo na tsaya. Sai na zauna na jawo farantin tsakaninmu, muka yi ta tsincewa.

"Ki zage ni mana, Anu."

"Na gama zagin tuni. Ba kya nan ne."

A nan ta kwashe komai ta faɗa mini, barandar, da bokitin, da maganar Ketaki. Ba ta yi kuka ba, idonta na kan dawar.

"Da a ce yaron ne ya ce in faɗi haka, da na sami wanda zan ɗora wa," ta ce. "Ba wanda ya sa ni. Na yi shekaru ina yi wa mutanen nan dariya, ashe jira nake a miƙo mini hular."

Na ce mata hular ma ba ta yi mata kyau ba. Ta yi 'yar dariya ta hanci. Na tambaye ta yaushe rabonta da abinci mai zafi, ta ce ba ta riƙe ba. Na je na ɗebo mata miyar wake a gidana, na tsaya a kanta har ta cinye.

Da lokacin aski ya zagayo ta dawo gonarmu. Ranar farko wata ta tare ta da cewa Mai Gona ta zo duba ma'aikata. Shalan ta ajiye ƙullin abincinta, ta bi matan da ke wurin ranar nan ɗaya bayan ɗaya tana haɗa hannu alamar neman gafara. Sunan bai mutu nan da nan ba, amma ya daina daɗin faɗa. Abin da bai dawo ba shi ne bakinta. Baƙi za su wuce a kan kekunansu, in zungure ta in ce ta dubi wancan, sai ta ce in bar bayin Allah su sha iska.

Da Ketaki ta haihu, Shalan ta tafi Pune wankan jego. Ɗaki ɗaya suka kwana da Sulabha har ta gama, suna karɓa-karɓar jaririyar. Na tambaye ta yadda suka ƙare.

"Matar nan ko sau ɗaya ba ta ɗauko maganar ba," ta ce. "Kullum sai ta haɗa mini shayi da hannunta. Da ta yi mini gori da na fi samun sauƙi."

Bara gwiwa ta hana ta durƙuso, ta bar tsinka. Mangesh ya matsa mata ta koma wajensu gaba ɗaya, ta ce sai bayan girbi. An yi girbin, tana nan. Yanzu a rumfar shanya zabibi take aiki, a zaune, tana ware masu kyau da waɗanda suka ƙone. Jikar tata kan zo hutu, Shalan ta zaunar da ita a gefenta ta cika mata siket da zabibi, yarinyar ta ci har cikinta ya ɓaci, Ketaki ta yi ta faɗa a waya.