Gidan Mutum Ɗaya

Kalilu ma'aikacin ƙididdiga ne a ofishinmu na aikin gona a Birnin Kebbi, tun Sakkwato ce hedikwatar jiha. Mutum ne marar surutu, har muna tsokanarsa da cewa lambobi ne danginsa. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai sake aure ba. Ɗakin haya yake a Badariya, tuwonsa na saye ne.

Shekarar da aka kawo mana kwamfuta, shi aka tura ya koyo ta. Aikinsa na farko a kanta shi ne duba ko yawan mutanen gida yana canza yawan shinkafar da manoman Argungu ke samu, don da rahoton za a raba injin ban ruwa. Kafin na'urar ta gwada bambancin, dole a raba gidajen rukuni-rukuni. Ya ce mata mutum biyu zuwa biyar rukuni na ɗaya ne, shida zuwa goma na biyu, abin da ya haura na uku. Daga biyu ya fara, kuma ko ni haka zan yi. Wa ya taɓa jin gidan manomi mai mutum ɗaya a fadamar Rima?

Sai na'urar ta yar da manomi guda, wani Dikko, ta ce ba shi da rukuni. Shugabanmu ya ce kuskuren rubutu ne, a share. Kalilu ya hau babur ya tafi Argungu.

Ya tarar da tsoho a bakin gona yana korar tsuntsaye. Bayan gaisuwa ya tambaye shi mutanen gidansa.

"Ni ɗai na, ɗana," in ji Dikko. "Tsohuwar ta riga ni, ɗiyan sun tai Ikko. Amma kak ka rubuta hakanan, abin kumya na. Sa huɗu."

"Baba, ba ni iya sa abin da babu."

"To kai ku nawa na gidanku?"

Kalilu ya ce min zama ya yi suka kori tsuntsaye tare har la'asar.

Da ya dawo sai ya buɗe wa Dikko rukuni na huɗu, nasa shi kaɗai. Na'urar ta ƙi. Aikinta auna yadda mutanen rukuni suka bambanta da juna, mutum ɗaya kuwa ba shi da wanda zai bambanta da shi. Ina tsaye a bayansa ya ce, cikin raha wai, da yana da gona da ya sa kansa a rukunin sun zama biyu. Na yi dariya, amma tausayinsa ya kama ni sosai.

Daga baya ya gyara rukunin farko ya fara daga ɗaya, Dikko ya shiga cikin masu mata da 'ya'ya. Rahoto ya nuna ƙananan gidaje ne suka fi buƙata, aka ba su inji, har da tsohon.

Injin kuwa sai mutum biyu ke ɗaga shi zuwa bakin ruwa. Saboda haka duk Asabar Kalilu yake tafiya Argungu, ya kama gefe ɗaya, Dikko ya kama ɗayan. Haka suka yi rani uku.

A na huɗu na ga babur ɗinsa a ƙofar ɗakinsa ranar Asabar da hantsi. Na leƙa na ce yau ba Argungu? Ya ce ya je makon jiya, ya tarar tsohon ya rasu, maƙwabta sun rufe injin da tabarma.